Kada a Kai Aibi Ƙarƙashin Ruwa

Ya ku samarinmu na zangon Salaga da na Yendi da na Bawku, ina roƙon ku ara mini hankalinku a kan wata magana wadda, da a zamanin kakanninmu wani ya ɗauko ta a zauren malami, da ba a sami mai gaskata shi ba, watau maganar ɗan Adam ya goya tukunyar iska a bayansa, ya kama bakin tiyo da haƙora, ya nutse cikin ruwa ya yi rabin sa'a a can yana aiki yana numfashi. Mutum biyu 'yan ƙasar Faransa, Jak Kusto da Emil Ganyan, su ne suka ƙera na'urar da ta sauƙaƙa wannan al'amari a shekarar 1943, ga shi yau ta iso hannun 'ya'yanmu, wasu su sayo a Ankara ko Tema ko Lome, wasu 'yan'uwansu na Turai su aiko musu, wasu kuma su ga hoto a waya su tura kuɗi a ɗoro musu a mota. Nasihata a kan abu guda ce: me ya wajaba ga wanda ya sayi irin waɗannan kaya sababbi, ya buɗe kwali, ya iske aibi a cikinsu.

Wanda ya san tarihin Salaga ya san gari ne da ya sha fama da ƙishirwa, har aka cika shi da rijiyoyi ana yi masa kirari da garin rijiya dubu. Amma tun da aka datse kogin Volta a Akosombo, aikin da aka fara a 1961 aka gama a 1965, sai ruwa ya taso ya malale ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,500, ya tashi mutane wajen 80,000 daga gidajensu, ya zo ya tsaya mana a Makango, inda ake shiga jirgin fito zuwa Yeji. Dajin da ruwan ya haɗiye ba a sare shi ba, itatuwansa suna nan tsaye a ƙarƙashi har gobe, su ke kama tarun masunta, su ke huda cikin kwale-kwale, a tsakaninsu kuma injin jirgi ke maƙalewa idan ya suɓuce ya faɗa. Kun kuma san waɗanda ake turawa su nutse su kwance taru idan ya sarƙe: yara ne ƙanana waɗanda ya kamata a ce suna gaban allo ko a aji, wasunsu kuwa ba su sake fitowa da rai ba. Saboda haka saurayin da ya tara guminsa ya sayi kayan nutso domin ya ɗauke wa yaran nan wannan azaba, ya ciro wa masunta dukiyarsu, ko ya ciro gawar wanda ruwa ya ci a samu a yi masa sutura, a wurina ya yi niyya ta alheri, ina kuma yi masa addu'a. Haka nan na Yendi, da kogunan Daka da Oti ke kusa da su, da na yankin Bawku, waɗanda Farar Volta ke cinye wa gonaki duk sa'ad da aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso a ƙarshen damina, kowa da ruwan da ke kiransa.

Na yi shekaru a ƙuruciyata a tashar jiragen ruwa ta Tema ina yaron masu nutso, ni ke ɗaukar tukwane, ni ke wanke kaya idan an fito, ni ke zama a sama da igiya a hannu ina kallon kumfa ina ƙirga mintoci. Abin da na fara koya a wurin waɗannan mutane shi ne kayan numfashi ba haja ba ce irin sauran hajoji. Idan ka sayi rediyo ya ƙi kama tasha, ka yi asarar kuɗi. Idan babur ɗinka sabo ya mutu tsakanin Salaga da Bimbila, ka sauka ka tura, ka sha rana, ka isa gida da ɓacin rai. Amma wanda iska ta yanke masa yana zurfin mita 15, cikin ruwa mai duhu wanda ba ya ganin tafin hannunsa, rassan matattun itatuwa da guntayen taru na kewaye da shi, to, wannan ba shi da gefen hanyar da zai tsaya, lokacin da ya rage masa kuwa bai wuce abin da ke cikin ƙirjinsa ba.

Ya kamata ku san abin da kuke goyawa. Tukunyar nan da jama'a ke cewa ta oksijin, iska ce irin wadda muke shaƙa aka tace aka matsa a ciki, domin oksijin tsantsa guba ne ga mai nutso da zarar ya wuce zurfin kimanin mita 6. Tukunya mai lita 12, idan aka cika ta zuwa 200 a ma'aunin matsin da ake kira bar, tana ɗauke da iska lita 2,400, ƙarfin da ke cikinta kuwa ya ninka na tayar ƙaramar mota kusan sau ɗari. Abin da ke tsakanin wannan ƙarfi da huhunka shi ne regileta, ita kuwa hawa biyu gare ta: na farko, wanda ke ɗaure a wuyan tukunya, yana sauko da matsin zuwa wajen 10, na biyu, wanda ke bakinka, ya ƙara sauko da shi daidai da nauyin ruwan da ke danne ka. Idan gwani ya buɗe ta a gabanka za ka yi mamaki, domin abin da ke ciki 'yan zobban roba ne, wasu ba su kai zoben yatsar jariri ba, da ɗan sifirin, da wata roba mai laushi shimfiɗe kamar fatar kalangu. A kan waɗannan 'yan abubuwa, bayan ikon Allah, ran mutum ke rataye.

Ga kuma wani abu wanda ya fi shafar waɗanda suka tashi a bakin ruwa, waɗanda tun suna yara suka saba cika ƙirji su nutse su riƙe numfashi. Duk mita 10 da ka sauka, ruwa yana ƙara maka nauyi kwatankwacin na iskar duniya baki ɗaya, saboda haka a mita 10 kana shan iskar tukunya ninki biyu na abin da za ka sha a tudu, a mita 20 ninki uku. Wanda ya shaƙi iska a sama ya nutse da ita, in ya taso ba abin da zai same shi, don abin da ya tafi da shi ne ya dawo da shi. Wanda ya shaƙa daga tukunya a mita 10 kuwa, in ya riƙe numfashi ya yo sama a firgice, iskar da ke ƙirjinsa za ta kumbura ninki biyu ta yaga huhu. To, ta nan ne ƙaramin aibi ke kisa: tiyo ya yi yoyo, ko ruwa ya biyo iska ya shiga maƙogwaro, mutum ya razana, al'adar yarinta ta dawo masa, ya rufe baki ya harba sama. Shi ya sa ba a sa waɗannan kaya sai an zauna gaban malamin sana'ar an koya, ba a kuma nutso mutum ɗaya.

Shekara biyu ke nan, bayan sallar layya, ɗan ƙanwata ya dawo daga Ankara da kwalaye uku, fuskarsa cike da murna. Yaro ne mai hankali, ya yi makonni a bakin teku yana koyo kafin ya sayi nasa, kuma akwai wani masunci a Makango da injinsa ya faɗa ruwa, sun yi alkawari da sassafe zai je ya ciro. Na ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kawo babban baho a cika shi da ruwa.

Ya ce, "Kawu, ai sabo ne fil, a gabana aka yanke leda."

Na ce, "Sabo ne, ɗana, amma hannun mutum ya haɗa shi, jirgi ya yi ta jijjiga shi a teku, ya kuma kwana a sito cikin zafi, Allah kaɗai ya san wata nawa. Ɗaura mu gani."

Ya ɗaura regileta, na sa ya juya fuskar agogon iska ƙasa kafin ya murɗa famfo a hankali, domin gilashin kan iya fashewa a idon mai kallo. Allura ta hau ta tsaya a 200. Na ce ya rufe famfo, kada ya taɓa komai, mu zuba mata ido. Kafin uwarsa ta gama zuba mana koko, allura ta fara zamewa ƙasa kaɗan kaɗan, alhali ba wanda ya shaƙa. Muka sake buɗewa muka tsoma tiyo cikin baho, sai ga kumfa 'yan ƙanana suna fitowa a jere kamar zaren carbi daga mahaɗar tiyo da agogo. Wannan ƙaramin aibi ne, a hannun gwani aikin minti biyar ne, ba shi ya tayar mini da hankali ba. Na sa ya sake rufe famfo, ya danna maɓalli ya fitar da sauran iskar da ke tiyo, sa'an nan ya sa abin a baki ya zuƙa a hankali. Lafiyayyar regileta a wannan hali ba ta ba ka komai, sai ka ji kamar ka toshe bakin kwalba kana tsotsa. Tasa kuwa sai ta ba shi iska da 'yar ƙara siririya kamar fito. Na ce masa, "Wannan iskar da ka ji, daga tsakar gidan nan ta shigo. Gobe a Makango ruwa ne zai bi wannan hanya."

Yaron ya yi shiru, sa'an nan ya tashi ya ɗauko sukundireba da gam da guntun robar tayar keke, ya ce zai buɗe ya duba, mai yiwuwa abu ne kaɗan ya goce. A nan ne na riƙe hannunsa. Na san wannan hali, domin halinmu ne duka, kuma a wurare da yawa abin yabo ne: mu mutane ne masu lallaɓa abu, talauci ya koya mana ɗaure tsohuwar mota da waya ta kai mu Tamale. Amma wanda ya buɗe sabuwar regileta da hannunsa ya yi asara biyu a lokaci guda, ya jefa ransa cikin garari, ya kuma zubar da haƙƙin da Shari'a da dokar ƙasa suka ba shi a kan wanda ya sayar masa.

Kakanninmu da suka kafa waɗannan zanguna sun fi mu sanin wannan babi. Fataken da ke tasowa daga Kano da Katsina su yi watanni a hanya zuwa Gwanja sayen goro, ba sa ɗora huhu a kan jaki sai an kwance shi a gaban maigidan da ya saukar da su, an tsince wanda sankara ta taɓa, domin sun san ɗaya in ya ɓuya a tsakiya zai ɓata na kusa da shi kafin a kai gida, kuma babu mai dawowa daga bakin Kwara ya yi ƙarar goro. A Salaga ake gano aibi, a Salaga ake mayarwa, maigida kuwa shi ne shaida. Yaƙin basasar 1892 ya watsa wannan kasuwa, malamai da attajirai suka bazu, cikin malaman Alhaji Umaru ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, tsohon garin Kete-Krachi ɗin ma yau yana ƙarƙashin wannan tafki da kuke son nutsawa. Kasuwa ta tafi, amma hukuncin da suka yi ciniki da shi yana nan cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu.

Duk wanda ya kai babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ko ya zurfafa zuwa Muhtasar na Shaihu Halilu, ya san malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun kasa zaɓi a ciniki gida biyu. Akwai hiyarut tarawwi, watau zaɓin da mai saye ke sharɗantawa tun wurin ƙulla ciniki, ya ce a ba shi 'yan kwanaki ya jarraba, in ya gamsu ciniki ya tabbata. Wannan sai ka faɗa da bakinka, domin a mazhabarmu da zarar an yi tayi an sallama ciniki ya ƙullu, ko ba ku rabu daga wurin ba. Ina yi muku wasiyya da shi ƙwarai: kada ku ƙirga kuɗi sai kun ce, a gaban shaida, a kuma rubuta a bayan rasit, cewa kuna da kwana kaza na gwaji. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi a kan kayan numfashi, ku yi masa sallama ku nufi wani shago. Na biyu shi ne hiyarun naƙisa, zaɓin aibi, wanda Shari'a da kanta ta ba ka ko ba ka sharɗanta ba: idan ka iske aibi wanda yake tun a hannun mai sayarwa, ba a kuma bayyana maka shi ba, kana da zaɓin ka mayar ka karɓi kuɗinka, ko ka riƙe a haka.

Sai dai ku lura da abin da ke kashe wannan haƙƙi, domin a nan ne samari ke faɗawa. Malamai sun ce duk abin da ke nuna yarda bayan ganin aibi yana zubar da zaɓi, kamar wanda ya ga ɓarna a riga ya ci gaba da sa ta, ko ya ga ɗingishi a dabba ya ci gaba da hawanta ba da wata larura ba, haka nan shiru mai tsawo ba tare da uzuri ba. Idan kuma wani sabon aibi ya auku a hannunka, to, lissafi ya canja, ko ka mayar ka biya abin da ka rage, ko ka riƙe ka karɓi ƙimar tsohon aibin kaɗai. To, ka ga wanda ya ce bari in yi nutso ɗaya da ita in cika alkawari, jibi na mayar, ya nuna yarda. Wanda ya sa sukundireba ya ƙuje noti ya haifar da sabon aibi, ya kuma ba mai kaya bakin cewa kai ka ɓata. Dokar ƙasarmu ta sayar da kaya, wadda aka kafa a 1962, mai lamba 137, a kan wannan turba take: ta ɗora wa mai sayarwa sharaɗin kayansa su zama ba su da aibin da bai bayyana ba, ta kuma ce mai saye yana rasa damar mayarwa idan ya bar lokaci mai tsawo ya wuce bai sanar ba, ko kuwa ya duba kayan kafin saye ya tsallake aibin da dubawar ya kamata ta nuna masa. Kamfanonin da ke ƙera kayan su ma garantinsu yakan faɗi idan wanda ba su amince da shi ba ya buɗe na'urar. Malami da alƙali da maƙeri duk bakinsu ya zo ɗaya: ka ga aibi, ka janye hannunka, ka yi magana da wuri.

Abin da muka yi ran nan ke nan, ni da ɗan ƙanwata. Na kira maƙwabta biyu dattawa suka ga kumfa da idonsu, domin malamai sun ce idan mai sayarwa ba ya kusa, a kafa shaidu. Yaron ya ɗauki hoton bidiyo da wayarsa, allura tana sauka, lambar da aka buga a jikin regileta tana fitowa sarai tare da rasit. Ya kira mai shagon a daren ya gaya masa, ya kuma aika masa a rubuce domin ranar ta zauna. Muka mayar da komai cikin kwalinsa yadda ya zo. Masuncin Makango ya yi fushi, ya nemi wani, aikin ya wuce ɗan ƙanwata.

Da yaron ya koma Ankara, mai shagon ya tarye shi da maganganu biyu waɗanda lalle za ku ji irinsu. Ta farko, wai duk sabo haka yake yi, in ya sha ruwa zai zauna. Wannan ƙarya ce, ko jahilci, robar da ta naɗe ko ta tsage ba ta warkewa don ta jiƙa. Ta biyu, wai kaya in ya fita ba ya dawowa. Wannan kuma magana ce wadda ba ta wanke mai sayarwa daga aibin da ya sani ya ɓoye, domin ɓoye aibi shi ne tadlisi, kuma kowa ya ji labarin ranar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi a kan algus. Ban ce wannan mutum ya sani ba, mai yiwuwa shi ma haka aka aiko masa, shi ya sa na gargaɗi yaron tun daga gida kada ya ɗaga murya, kada ya kira shi macuci, ya ce masa Alhaji, ya gaishe shi, ya nemi abu guda: a kai kayan wurin gwanin da su biyu suka yarda da shi. Wannan ma hukuncin malamai ne, in an yi jayayya ko aibi tsoho ne ko sabo, ahalin sani ake tambaya. Gwanin ya buɗe a gabansu, ya iske gefen robar nan mai kama da fatar kalangu ya naɗe tun daga wurin haɗi. Bayan mako uku aka ba shi wata, muka sake shimfiɗa tabarma, muka sake cika baho.

Na san abin da ke hana yawancinku komawa, kunya ce. Mai shagon abokin babanka ne, ko ɗan zangonku ne, ko yayanka ne ya aiko daga Jamus da kuɗin guminsa, ka ga in ka ce akwai aibi kamar ka raina kyauta. Kunya ado ce ga saurayi, ina kuma son ta gare ku, amma ku auna: wace ta fi nauyi ga yayan naka, ka ce masa regileta tana yoyo, ko a buga masa waya a ce an ciro ka? Wanda ke ƙaunarka zai fi son ya ji daga bakinka.

Tukunyar kanta tana da nata bincike. A kafaɗarta akwai rubutu da aka buga cikin ƙarfe, mai nuna iyakar matsin da take ɗauka, da lambarta, da wata da shekarar da aka gwada ta. Al'adar masu sana'ar a ƙasashe da yawa ita ce a gwada ta da matsin ruwa duk shekara 5, a kuma leƙa cikinta a kai a kai saboda tsatsa. Tukunyar da fenti ya rufe wa wannan rubutu, ko aka goge shi, tsohuwa ce aka yi wa kwalliya, ko da an rantse maka. Wanda ya sayi tukunya daban da famfonta daban ya yi hattara ƙwarai, domin murɗin wuyan tukwanen Turai da na Amurka sun yi kama har ɗaya yakan shiga ɗaya, amma ba su kama juna sosai ba, in aka cika sai famfo ya fita kamar harsashi, an kuwa yi asarar rayuka ta haka. Sa'an nan iskar da ke ciki: ka buɗe kaɗan ka shinshina, ka tara farin ƙyalle a bakin, in ka ji warin mai ko hayaƙi, ko ka ga tabo, a zubar da ita. Injin mai faci ba ya cika wannan tukunya, injin da aka yi dominta ma, in bututun da yake jan iska yana kusa da hayaƙin fetur, zai cusa maka gubar da ba ta da wari ko kaɗan, sai dai ciwon kai da jiri a ƙarƙashin ruwa. Saboda haka ka je da kanka ka ga inda ake cikawa.

Rigar iska kuwa, ka hura ta ta cika tam ka ajiye, in ka dawo bayan sallah ka iske ta saki, tana yoyo; ka danna maɓallin hurawa sau da yawa ka tabbata ba ya maƙalewa, domin wanda ya maƙale a ruwa zai cika rigar ya fizge ka sama ba shiri. Ɗamarar dalma ta zama tana kwancewa da hannu ɗaya. Bayan duk wannan sai gwaji a ruwa iya ƙirji, da ɗan'uwa tsaye a gefe, kana numfashi kana kallon allura, in tana rawa da kowace shaƙa, ka fito. A tafkin Volta kuma kada ka sauka ba wuƙa mai kaifi a inda hannunka zai kai.

Saura magana ɗaya wadda ta fi duk waɗannan nauyi a zuciyata. Yakan faru mai shago ya ƙi karɓa, ko wanda aka saya wurinsa ta waya ya kashe layi, ka yi cinikin biri a sama, kuɗi sun tafi. A wannan hali Shaiɗan zai zo maka da shawara: ka goge ta, ka mayar kwali, ka kai Yeji ko Bawku ka sayar wa wani a rage asara, ko ka ba ƙanenka ya riƙa koyo da ita. Ina haɗa ku da Allah kada ku yi. Wanda aka zalunta bai sami izinin zaluntar na gaba ba, kuma wanda ya sayar da abin numfashi yana sane da aibinsa, in rai ya salwanta, da wace fuska zai je ta'aziyya? Ko dai ka kai ta wurin gwani na gaskiya ya gyara ya gwada, ka biya, ko ka bayyana aibin filla-filla ga mai saye kamar yadda Shari'a ta wajabta, ko ka yanke tiyon ka jefar. Ka kuma gaya wa abokan sana'arka sunan samfurin da lambarsa, domin aibin masana'anta sau da yawa ba ya zuwa shi kaɗai, kamfanonin ma kansu sukan yi shela su janye kaya idan sun gano, ta lambar nan kuma ake ganewa. Waɗanda ke fatauci a cikinku, musamman 'yan Bawku masu bin hanyar Lome, in kun ɗauko irin wannan haja, ku sani kun ɗauko amanar rayuka, ku karɓi abin da aka dawo muku da shi da sakin fuska.

Wani zai ce ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Haƙiƙa ajali ba ya gaba ba ya baya, amma Ubangijin da ya rubuta ajali shi ne ya hana mu jefa kanmu ga halaka, Manzonsa kuma ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sa'an nan ya yi tawakkali. Ɗan ƙanwata yana nan yana sana'arsa tsakanin Makango da Yeji, ya yi aure bara, bahon nan kuma ya zama nasa, ba ya fita sai ya tsoma kayansa a ciki.

Wanda duk ke da kayan nutso a ɗaki yau, sababbi ko na gwanjo, waɗanda bai taɓa yi musu wannan gwaji ba, ina roƙonsa gobe bayan sallar asuba ya cika baho, ya kira mutum biyu su tsaya masa. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa ɗan'uwansa na bakin ruwa wanda bai iya ba.